Saita ditektar infirared da gwada ta kafin a ɗora ta a sifektirogiraf

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibin digiri na biyu ne a kimiyyar taurari, an sa ni cikin masu haɗa sifektirogiraf na hasken infirared, wanda ido ba ya gani. An kawo mana ditektar H2RG, farantin da ke kama hasken ya mayar da shi sigina, tare da takardar gwajin kamfani. Tunda sun riga sun gwada ta, me ya rage mana? In kuwa sai mun sake, ta ina ake farawa, kuma a ina aka fi yin kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ke cikin takardar kamfani gaskiya ne, amma gaskiyar ɗakin gwajinsu: akwatin sanyinsu, wayoyinsu, na'urar karatunsu, da saurin karatun da suka zaɓa. Taku za ta zauna ne a wani akwati dabam, a ƙarshen wasu wayoyi dabam, kusa da injin sanyaya mai jijjiga. Yawancin abin da za ku gani a makonnin farko ku ɗora wa ditekta, in aka bi diddigi, daga abin da ke kewaye da ita yake. Don haka sai kun sake, kuma bi da bi, domin kowane awo a kan na bayansa yake tsaye.

Sifektirogiraf ya fi kyamara tsanani a wannan fanni. Kyamara tana tara hasken tauraro a fiksel kaɗan, wato ƙananan ɗigon da ke fuskar ditekta. Sifektirogiraf kuwa warware hasken yake yi zuwa launukansa, wato bakansa, ya shimfiɗa shi a kan fiksel dubbai, kowanne ya sami ɗan mitsitsi. Sararin sama da kansa yana haske a infirared saboda ƙwayoyin OH, haɗin oksijin da haidirojin, da ke can wajen kilomita 87 daga ƙasa, amma haskensu a siraran layuka yake. A tsakanin layukan, inda ake ainihin aikin, fiksel na iya yin daƙiƙoƙi bai karɓi ilektiron ko ɗaya ba idan na'urar mai zurfin rarrabewa ce. A nan hayaniyar ditekta, da yoyonta na duhu, wato cajin da ke taruwa ko babu haske, da abin da ta riƙe daga hoton baya su ke yanke hukunci. Ƙa'idar da aka gindaya wa ditektocin NIRSpec, sifektirogiraf ɗin madubin hangen nesa na James Webb, ta nuna girman lamarin: hayaniya gaba ɗaya kada ta kai ilektiron 6 a ɗauka ta wajen daƙiƙa 1,000, yoyon duhu kuma kada ya wuce ilektiron 0.01 a daƙiƙa ga kowane fiksel.

H2RG, wadda kamfanin Teledyne ke ƙerawa a Kalifoniya, faranti biyu ne aka manna. Na sama haɗin zaiba da kadmiyom da teluriyom ne, shi ke mayar da haske caji, tunda silikon ba ya ganin hasken da tsawon zangonsa ya wuce maikiron 1.1, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Na ƙasa silikon ne mai ɗauke da da'irar karatu. Tsakaninsu akwai ɗigon ƙarfen indiyom ɗaya ga kowane fiksel, sama da miliyan huɗu, wato 2048 sau 2048, faɗin kowanne maikiron 18. Layi huɗu na kowane gefe makafi ne, ba sa jin haske, an bar su ne don su nuna yadda lantarkin karatu ke gocewa. Yawan kadmiyom ke ƙayyade iyakar tsawon zangon da take gani, wannan iyakar kuma ita ke ƙayyade sanyin da take bukata. 'Yar'uwarta mai iyakar maikiron 1.7 da ke cikin kyamarar WFC3 ta madubin Hubble a Kelbin 145 take aiki (zafin ɗaki wajen Kelbin 295 ne), mai 2.5 tana son wajen 80, mai 5.3 kuwa sai an sauko da ita kusa da 40. Ka fara duba wacce aka ba ku.

Ba ta da murfin ɗaukar hoto. Ana share fiksel ne ta hanyar ɗora masa wani bolteji, haske ya riƙa cinye boltejin a hankali, kai kuma kana leƙawa kana karantawa sau nawa ka ga dama ba tare da ka taɓa cajin ba. Kusan duk dabarun da ke tafe daga wannan siffa suka fito.

Kafin a kai ga awo akwai hanyoyi biyu na kashe ditekta nan take. Na farko tartsatsin lantarkin jiki: ba a taɓa ta sai da igiyar hannu mai haɗe da ƙasa, a kan tabarmar da aka yi don haka, kuma ba a cire waya ko a soka ta da wuta a kunne. Ku fara gwada duk boltejin da agogon karatu a kan farantin silikon zalla, ko a kan ditektar gwaji mai arha, ku auna kowace ƙafa da mita, sannan ku kawo ta kimiyyar. Na biyu saurin sanyaya. Farantan biyu ba daidai suke ƙanƙancewa ba, ɗigon indiyom ne ke shan wahalar, don haka ba a wuce Kelbin ɗaya a minti, sauka ko hawa. Daga zafin ɗaki zuwa 80 ya haura awa uku da rabi ke nan, kuma a sa hita mai sarrafa kanta ta riƙe wannan sauri, kada a dogara da idon mutum. A zuƙe iskar akwatin sosai tukuna, sannan a tabbata ditekta ce ta ƙarshe wajen yin sanyi, ita ce kuma ta farko wajen ɗumama. Tururin ruwan da ya rage a akwati wurin da ya fi sanyi yake bi ya daskare. In ditekta ce ta riga kowa, a fuskarta ƙanƙarar za ta kwanta.

Daga nan sai duhu, kuma a infirared duhu aiki ne. Duk abin da ke zafin ɗaki yana fitar da haske mai ƙarfi a wajen maikiron 10, jelarsa kuma tana kaiwa har 2.5. Ramin da waya ta ratsa, ko ƙusar da ba a toshe bayanta ba, ya isa ya ninka abin da za ka ɗauka yoyon duhu ne. Saboda haka a sanyayawar farko a rufe fuskar ditektar da murfin ƙarfe baƙi wanda aka ɗaure a jikin mazauninta, sanyinsu ɗaya. Abin da aka auna a haka shi ne nata na kanta. Duk abin da ya ƙaru bayan an cire murfin na na'urarku ne. Wata hanyar kuma: riƙe ditekta a sanyinta, ka ɗaga zafin garkuwar da ke kewaye da ita da Kelbin biyar ko goma. In adadin ya motsa, haske ne ke shigowa.

Sanyin ma sai ya tsaya cak. Matakin siginar fita yana gocewa da ɗaruruwan ilektiron a kowane Kelbin, don haka motsin kashi ɗaya cikin ɗari na Kelbin a tsakiyar ɗauka yana iya kamanta duk yoyon da kake nema. Ana riƙe mazaunin a tsakanin 'yan milikelbin. Abin da sababbi ke mantawa shi ne karatun da kansa yana ɗumama silikon. In ka bar ditekta shiru sannan ka fara karatu, hotunan farko za su karkace. Maganinsa kada a taɓa tsayar da agogo: tsakanin ɗauka da ɗauka ta ci gaba da sharewa da karantawa da sauri iri ɗaya, ko da zubar da bayanan ake yi.

Yanzu saitin bolteji. Biyu ne suka fi muhimmanci, Vreset na sharewa da Dsub na jikin farantin sama, kuma tazarar da ke tsakaninsu ce abin lura. An saba farawa da milibolt 250, misali 0.30 da 0.55. Ƙara tazarar yana ƙara yawan cajin da fiksel zai ɗauka kafin ya cika, amma yana ƙara yawan fiksel masu zafi, wato masu yoyo fiye da ƙima, galibi kuma yana ƙara tabon haske, wato abin da fiksel ke riƙewa daga hoton baya. Kyamarar da ke kallon sama mai haske tana bukatar ɗauka mai yawa. Sifektirogiraf ɗin taurari dusu-dusu ba ya bukata, kuma a ganina kuskure ne a sayi ɗaukar da ba za a yi amfani da ita ba da tsadar tabo. Ku gwada 200, 250, 300 da 400, a kowanne ku ƙirga fiksel masu zafi ku auna cika da tabo, sannan ku zaɓi mafi ƙanƙanta da zai ɗauki layi mafi haske da dole ku auna. Na uku shi ne Vbiasgate, mai sarrafa yawan wutar da ke bi ta tiransistocin karatu. Wuta kaɗan, sigina ba ta zama da wuri. Wuta da yawa, zafi da ƙyallin da silikon ke fitarwa da kansa su ƙaru. Duk lokacin da ka taɓa ɗaya daga cikin ukun nan matakin fita zai motsa, sai ka sake daidaita shi ya faɗa cikin abin da mai mayar da sigina lamba ke iya gani, tun daga fiksel da aka share har wanda ya cika, da 'yar rara sama da ƙasa.

Ana iya karanta ta ta ƙofa ɗaya, ko huɗu, ko 32. A saurin da aka saba, fiksel 100,000 a daƙiƙa ta kowace ƙofa, ƙofa 32 na gama hoto a kusan daƙiƙa ɗaya da rabi, ƙofa huɗu kuma a 10.7 kamar yadda ake yi a Webb. Kowane fiksel maikirosakan 10 yake da shi, kuma a cikinsu dole sigina ta sauka daga ƙimar fiksel na baya ta zauna a kan tata. Doguwar waya tana jinkirta wannan. Don ka gani da idonka, nemi fiksel mai zafi guda ɗaya ka dubi wanda ake karantawa bayansa: in ya fi na gabansa haske, sigina ba ta gama zama ba. Sai a jinkirta lokacin ɗaukar lamba zuwa ƙarshen zangon, ko a gajarta waya, ko a kawo amfilifaya cikin sanyi kusa da ditekta. ESO, cibiyar binciken taurari ta Turai mai hedkwata a Jamus, amfilifaya mai jure sanyi suke sawa, madubin Webb da na Euclid kuma guntun lantarkin karatu mai suna SIDECAR suka yi amfani da shi a cikin sanyin. Ka kuma haska wuri ɗaya sosai ka dubi sauran ƙofofin: in inuwarsa ta bayyana a daidai wannan matsayi kowane layi 64, ƙofofin na zuba wa juna ta wayar wuta ko ta ƙasa.

Sharewa da kanta tana barin hayaniya ta wajen ilektiron 40, domin ba a taɓa share fiksel ya koma daidai inda ya tsaya a baya. Shi ya sa mafi ƙarancin karatu biyu ne, ɗaya bayan sharewa, ɗaya a ƙarshe, a debe. Wannan na ba da ilektiron 15 zuwa 18 a ditekta mai kyau, wanda ya yi yawa ga sifektirogiraf. Fowler da Gatley sun nuna a 1990 cewa in an karanta sau da yawa a farko da ƙarshe aka ɗauki matsakaici, hayaniyar na raguwa: karatu huɗu-huɗu ya raba ta biyu, goma sha shida ya raba ta huɗu. Haka lissafi ya ce, amma a aikace tana tsayawa a wajen ilektiron 4 zuwa 6, saboda akwai gocewa mai tafiyar hawainiya wadda matsakaici ba ya kashewa. Zana hayaniya a kan yawan karatu ka ga inda layin ya daina sauka, nan ne ainihin ƙarfin tsarinku. Ni na fi son a karanta tun daga farko har ƙarshe ba tsayawa, a fitar da gangaren hawan. Da haka in wata ƙwayar zarra mai gudu daga sararin samaniya ta bugi fiksel za ka ga tsallen ka cire shi, in layi ya cika a tsakiya kuma kana da karatun farko. Tsadarsa wurin ajiya: hoto ɗaya megabait 8, awa guda wajen gigabait 20. Ku ajiye ɗanyen duk da haka, aƙalla har gwaji ya ƙare.

Idan ka ga zane-zane a hoton duhu, kada ka tsaya kallonsa a matsayin hoto. Jera fiksel ɗin ƙofa ɗaya yadda aka karanta su a lokaci, tare da ɗan jinkirin ƙarshen kowane sahu, ka yi masa lissafin Fourier, wanda ke fito da duk bugun da ke maimaituwa. A ƙofa 32 sahu ɗaya na cin kusan milisakan 0.7, don haka wutar gari mai bugu 50 a daƙiƙa, irin ta Chile, za ta fito da zane kowane sahu 28 ko kusa, mai bugu 60 irin ta Hawai kuma kowane 23 ko 24. Wannan ba ditekta ba ce, wayar ƙasa ce ta bi hanya biyu ta zama zobe. Kashe injin sanyaya na minti ɗaya, cire wayar ma'aunin iska, cire ta hita, ɗaya bayan ɗaya, har layin ya ɓace. Makafin fiksel za su kwashe wani kaso na sauran. Na sama da ƙasa suna gyara matakin kowace ƙofa, kuma a raba layukan tsaye masu lambar mara da masu cika, domin hanyarsu a cikin silikon dabam ce. Na gefe kuwa takwas ne kacal a kowane sahu, in ka debe su ɗanye ka ƙara wa kanka hayaniya wajen kashi 6 cikin ɗari, sai an lailaye su a kan sahu da dama. A NIRSpec an wuce nan: tsarin IRS2 da Bernard Rauscher da abokan aikinsa suka ɓullo da shi yana cusa karatun makafin fiksel a tsakanin na masu gani, lokacin hoto ya tashi zuwa daƙiƙa 14.6, zanen ya ragu.

Duk adadin da na ambata da ilektiron yake, kwamfutarka kuwa lamba take ba ka. Sai ka san ilektiron nawa ne lamba ɗaya, kuma a nan aka fi faɗawa rami. Hanyar da aka saba: haska ditekta bai ɗaya, ɗauki hoto biyu iri ɗaya, debe su, ka auna warwatsuwar bambancin. Haske yana da hayaniyarsa ta halitta, ilektiron 10,000 na zuwa da 100, don haka daga yadda warwatsuwa ke ƙaruwa da sigina ake fitar da ma'aunin canjin. Matsalar ita ce fiksel na H2RG suna taɓa juna ta lantarki: kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na siginar kowanne yana bayyana a kan kowane maƙwabcinsa huɗu. Wannan yana lailaye hayaniyar. Da kashi 1.5, warwatsuwar na raguwa da kusan kashi 12, ma'auninka ya fito sama da gaskiya da wajen kashi 13, duk abin da ka lissafa da shi kuma ya kumbura. Alamar da ke tona asirin ita ce ƙarfin kama haske, wato kason hasken da ke zama ilektiron, ya fito fiye da ɗari bisa ɗari. Auna wannan taɓawar kai tsaye: H2RG na da ƙaramar taga da za ka iya share fiksel ɗaya tak zuwa wani bolteji dabam, sai ka karanta maƙwabtansa. In ba haka ba, tara ɗaruruwan fiksel masu zafi da ke zaune su kaɗai ka ɗauki matsakaicin kewayensu. Kuma ka tsaya a ƙasan zangon sigina wajen wannan awo, domin sama ba miƙaƙƙe ba ne.

Yoyon duhu sai haƙuri. A 0.005 a daƙiƙa, awa biyu ilektiron 36 kawai ke taruwa, don haka hawa mai tsawon awanni ake yi, a maimaita. Kada a fara da zarar an kai sanyi ko an kunna wuta, domin adadin kan ci gaba da sauka na awanni masu yawa, wani lokaci kwanaki. Ka yi ɗauka biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya da karatu kaɗan, ɗaya da karatu mai yawa. Bambancinsu ƙyallin da silikon ke fitarwa ne a kowane karatu, ba yoyo ba. Ka ba da rahoton tsaka-tsakin fiksel da kuma jelar masu zafi, domin matsakaici na ɓoye su. Akwai kuma masu tsalle tsakanin mataki biyu ba dalili, su ma a yi musu alama a taswirar miyagun fiksel.

Rashin miƙewa yana da sauƙin fahimta. Yayin da fiksel ke cika, ƙarfin riƙe cajinsa na ƙaruwa, sai kowane sabon ilektiron ya motsa bolteji ƙasa da na baya. Kusa da cika ragin na kaiwa kashi da dama cikin ɗari. A sa fitila mara rawa, a yi hawa mai karatu ɗari ko fiye har ya cika, a fitar da lanƙwasar kowane fiksel da kansa. Gyaran a kan kowane karatu ake yin sa kafin a fitar da gangare, kuma a tuna karatun farko ba sifili ba ne, caji ya riga ya taru tsakanin sharewa da shi. Akwai wani nau'in dabam mai bin ƙarfin hasken maimakon yawan abin da ya taru, wanda aka gano a kyamarar NICMOS ta Hubble. A WFC3 bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba duk ninki goma na haske, amma in tauraron ma'auninka ya fi abin da kake aunawa haske sau dubbai, ya taru.

Tabon haske shi ne abin da zai fi damun ku a wajen aiki, kuma shi takardar kamfani ta fi taƙaitawa. Fiksel kamar sabon tulun ƙasa yake: ka cika shi ka juye, jikinsa ya riga ya sha, zai yi ta tsattsafowa. A cikin farantin akwai lahani ƙanana masu kama caji idan fiksel ya cika, su riƙa sakinsa a hankali bayan an share, sai ya bayyana a hoto na gaba kamar haske na gaske. Yana raguwa kusan daidai da yadda lokaci ke ninkuwa, wato abin da ya rage a minti 10 ya kusa kashi ɗaya cikin goma na wanda ke minti ɗaya, amma jelar na iya kai awanni. Ka yi lissafi: ko kashi 0.1 cikin ɗari na ilektiron 80,000 ilektiron 80 ne, a ditektar da kuka sha wahala kuka sauko da hayaniyarta zuwa 5. A sifektirogiraf abin ya fi muni, domin bakan kowane tauraro a kan fiksel ɗin da na baya ya kwanta yake kwanciya. Layukan tauraro mai haske sai su fito a cikin bakan dusu-dusun da ya biyo shi, a daidai inda kake neman layi.

Ga yadda ake gwada shi. A bar ditekta cikin duhu dare guda tana sharewa, a ɗauki duhun ma'auni. A haska ta zuwa rabin cika, a kashe, a share, a bi ta da hawan duhu na awa biyu ko uku. A bar ta ta huce, a maimaita a cika ɗaya, ninki biyu, ninki goma. Sannan a sake duka ana canza tsawon lokacin da cajin ya zauna kafin sharewa, daƙiƙa 10, 100, 1,000, domin tabo na bin daɗewar zama kamar yadda yake bin yawan haske. Fitilar ta zama LED a cikin sanyi. Ƙwan fitila mai zare yana ci gaba da fitar da infirared bayan an kashe shi, sai ka auna hucewar zaren ka ce tabo ne. A fitar da taswira, domin wani yankin ditekta na iya ninka wani sau da yawa, kuma in akwai zaɓi a juya ta yadda zangon da ya fi muku muhimmanci zai faɗa a yanki mai tsabta. A maimaita a sanyi biyu ko uku, misali 75, 80 da 85, domin ba lallai mafi sanyi ya zama mafi ƙarancin tabo ba. Sakamakon ya zama dokar aiki. Fitilun ma'aunin zango, irin na yuraniyom da niyon da ake amfani da su a sifektirogiraf ɗin CARMENES na Sifen da SPIRou na Hawai, layukan iskarsu sun fi na ƙarfen haske nesa ba kusa ba, su ke cika fiksel. A rage musu ƙarfi, a gama awon rana awanni kafin faɗuwarta, da dare kuma kada dusu-dusu ya biyo bayan mai haske kai tsaye.

Ƙarfin kama haske, wato kaso nawa na ƙwayoyin haske ke zama ilektiron, ya kan kai kashi 80 ko fiye. Auna shi da kyau yana da wuya, kuma kuskuren kusan kullum a wajen fitila yake. In baƙar tanda mai sanannen zafi kuka yi amfani da ita a matsayin fitila, a maikiron 2.2 da Kelbin 300 kuskuren digiri ɗaya na canza hasken da kashi 7 cikin ɗari. Kuskuren milimita ɗaya a tazarar milimita 200 tsakanin ƙofar haske da ditekta kashi ɗaya ne, tazarar kuma tana raguwa da sanyi. Matatar haske tana gocewa zuwa gajeren zango idan ta yi sanyi, kuma in tana ɗan yoyo a dogon zango zafin ɗaki zai kwararo ta nan. Ga yawancin sifektirogiraf, yadda ƙarfin ke sauyawa daga zango zuwa zango da daga fiksel zuwa fiksel ya fi adadin kansa amfani, kada ku ƙone watanni a kansa.

Bayan an ɗora ta a na'urar sai saitin mazauni. A kyamara mai f/3, wato nisan haɗuwar haske ya ninka faɗin tabarau sau uku, gocewar maikiron 15 daga inda haske ke haɗuwa na faɗaɗa ɗigo da maikiron 5, fiye da rubu'in fiksel. Ana rufe rabin hasken a ɗauki layukan fitila, a rufe ɗaya rabin a sake. Yadda layukan suka matsa a kowace kusurwa shi ke nuna nisa da karkata. Sai a ɗumama, a sa siraran ƙarafa a ƙarƙashin ƙafafun mazaunin, a sake sanyaya. Kowane zagaye kwanaki yake ci, don haka a auna kusurwa huɗu da tsakiya a lokaci guda. A kuma juya ditektar yadda hanyar karatu mai sauri za ta ratsa zirin bakan a gicciye, domin duhun da ke tsakanin ziri da ziri ya ba ku ma'aunin zanen kowane sahu.

In neman duniyoyi ta motsin tauraro za ku yi, komai na sama sai ya ƙara tsanani. A SPIRou, mai babbar ditekta H4RG da fiksel na maikiron 15, matsawar layi da fiksel ɗaya daidai take da gudun tauraro na kusan kilomita 2.3 a daƙiƙa. Mita ɗaya a daƙiƙa ke nan motsin layi na ƙasa da nanomita 7 a fuskar ditekta. Taɓawar fiksel da ta fi ƙarfi a gefe ɗaya, ko siginar da ba ta gama zama ba, ko tabon tauraron baya, kowanne na iya karkata layi fiye da haka.

Idan na'urar ta isa kan dutse, a maimaita awon hayaniya da duhu da zane da rubutun kwamfuta ɗaya da aka yi amfani da shi a ɗakin gwaji, madubin na juyawa, injinan rumfar na aiki, domin wayar ƙasa ta can dabam ce. Daga nan a mayar da shi aikin wata-wata da kuma bayan kowace ɗumamawa. Wajen 2010 masu Webb suka lura fiksel masu yoyo na ƙaruwa a ditektocin da aka riga aka zaɓa don tashi. Bincike ya nuna indiyom ne ke ratsa siririn shingen da ke raba shi da sauran ƙarafan mahaɗin, aka gyara ƙirar, aka ƙera sababbi aka musanya kafin harba madubin a Disamban 2021. An kama matsalar ne saboda akwai awon baya da za a kwatanta. Ku zaɓi iyaka guda, misali ilektiron 0.1 a daƙiƙa, ku riƙa ƙirga fiksel nawa suka haura ta a sanyi ɗaya da bolteji ɗaya da tsarin karatu ɗaya, ku rubuta adadin tare da kwanan wata.